John Wesley: Mai Wa'azin Da Bai Ɓoye Shakkarsa Ba

An haifi John Wesley a shekara ta 1703 a garin Epworth na ƙasar Ingila. Mahaifinsa Samuel limamin ikilisiya ne, mahaifiyarsa Susanna kuwa ta rene shi da Littafi Mai Tsarki tun yana ƙanƙane. Ya yi karatu a jami'ar Oksfod, aka naɗa shi limami a 1728. Azumi da addu'a da ziyarar 'yan kurkuku, babu wanda ya bari. Duk wanda ya gan shi sai ya ce bangaskiya ta zauna masa daram.

A 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya ta Amurka domin aikin bishara. A tsakiyar teku hadari ya taso musu, tsoron mutuwa ya kama shi. Amma waɗansu Kiristoci Jamusawa na ɗarikar Morabiya da ke cikin jirgin suka ci gaba da raira waƙar yabo, hankalinsu kwance. Da aka sauka, wani shugabansu mai suna Spangenberg ya tambaye shi ko ya tabbata Yesu ya cece shi. Wesley ya kewaye, daga bisani ya amsa cewa ya tabbata. Sai dai a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, ya ce yana tsoron amsar nan fatar baki ce kawai.

Ya komo Ingila a 1738 da karyayyar zuciya, har ya yi tunanin barin wa'azi, gama ta yaya mutum zai ba da abin da ba shi da shi? Bai rufe ciki ba, ya faɗa wa Peter Böhler, wani ɗan Morabiya, halin da yake ciki. Böhler bai tsawata masa ba, ya shawarce shi ya ci gaba da wa'azin bangaskiya yana kuma nemanta. A daren 24 ga Mayu, 1738, a wani taro a titin Aldersgate na birnin Landan, ana karanta gabatarwar Martin Luther ga Wasiƙar Romawa, sai ya ji tabbaci cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa.

Duk da haka shakka ba ta rabu da shi gaba ɗaya ba. A 1766, yana da shekara 63, ya rubuta wa ƙanensa Charles cewa yana ganin bai taɓa ƙaunar Allah yadda ya kamata ba. Bai daina aiki ba har rasuwarsa ranar 2 ga Maris, 1791.

Wesley da kansa ya buga labarin rauninsa na Jojiya domin kowa ya karanta. Da ya yi riya, da girmansa ya tsira, ransa kuwa ya zauna babu taimako. Iyaye da shugabannin ikilisiya su lura: yaron da ya buɗe baki ya ce yana shakka, kada a kunyata shi. Ubangiji ma bai kori Toma ba, hannuwansa ya nuna masa.