Christian Doppler: Ɗan masassaƙin dutse da ya share hanyar ganin gudun jini

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da layin dogo a Sabon Garin Zariya ya san yadda kukan jirgin ƙasa ke yin siriri idan ya nufo shi, ya yi kauri da zarar ya wuce. Christian Doppler ne ya fara bayyana dalilin haka, kuma da sunansa ɗaliban kimiyya a Samaru ke karanta ƙa'idar har yau.

An haife shi a Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 1803, a gidan masassaƙa dutse. Raunin jiki ya hana shi gadon sana'ar, sai ya karkata ga lissafi. Neman aiki ya wahalar da shi har ya ƙulla niyyar yin ƙaura zuwa Amurka, kafin ya samu gurbin koyarwa a Prague a 1835.

A can ne, a 1842, ya gabatar da maƙalarsa: sauti ko haske kan sauya gwargwadon kusantowa ko nisantar abin da ke fitar da shi. Ya ɗauka wannan ne sirrin launin taurari, a nan ya yi kuskure, amma tushen ƙa'idar ya tabbata. A 1845 Buys Ballot ya gwada ta a Holan da masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa. Duk da haka wasu malaman Vienna sun ƙaryata shi. Ciwon huhu ya yi ajalinsa a Venice a 1853, yana da shekara 49.

Bayan kusan ƙarni guda, Shigeo Satomura na Japan ya auna motsin zuciya da ƙa'idar. Yau na'urar hoton zuciya kan tura sauti cikin ƙirji, ta nuna inda jini ya dosa da saurinsa.

Amfanin haka kan fito fili idan bangon babbar jijiyar da ta tashi daga zuciya ya tsage, galibi saboda hawan jini. Ciwon kan yi kama da na toshewar jijiyoyin zuciya, alhali maganin tsinka jini da ake ba mai toshewar na iya halaka mai tsagewar. A bakin gado, na'urar na iya nuna jinin da ya ɓalle ta hanya ta biyu, ko wanda ke komawa zuciya da baya, likita ya gaggauta neman tiyata.