Agatha Christie: Gwanar ɓoye mai laifi a bainar jama'a

A shekarar 1926 wani littafi mai suna The Murder of Roger Ackroyd ya tayar da ƙura a Ingila. Masu karatu sun bi labarin shafi bayan shafi, suna zargin wannan suna wanke wancan, sai a ƙarshe ta bayyana cewa likitan da ke ba su labarin da bakinsa shi ne ya yi kisan. Wasu suka ce marubuciyar ta yi maguɗi. Amma wanda ya koma ya sake karantawa zai tarar likitan bai shara ƙarya ba, shiru kawai ya yi a inda magana za ta tona shi.

Marubuciyar ita ce Agatha Christie, wadda aka haifa a garin Torquay ranar 15 ga Satumba, 1890. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin jinya, daga baya ta koma ɗakin haɗa magunguna, inda ta naƙalci sirrin guba. Shi ya sa guba ta yawaita a littattafanta, tun daga na farko a 1920, wanda ya fito da jami'in bincike Hercule Poirot, ɗan ƙasar Beljiyam. Dabararta ita ce ta ajiye hujja a fili, sannan ta karkatar da hankalin mai karatu wani gefen.

Shekarar 1926 ɗin ba ta zo mata da daɗi ba. Mahaifiyarta ta rasu, mijinta Archie kuma ya nemi su rabu domin ya auri wata. Ranar 3 ga Disamba ta fita da dare, washegari aka tsinci motarta a yashe a yankin Surrey. 'Yan sanda da dubban 'yan sa-kai suka bazama nema, jaridu suka yi ta hasashe, har da masu zargin mijin. Bayan kwana 11 aka same ta a wani otal a Harrogate, ta yi rajista da sunan dangin matar da mijin ke nema.

Ta sake aure a 1930, ta bi sabon mijinta Max Mallowan haƙar kayan tarihi a Iraƙi da Siriya, ta bar ƙagaggun littattafan bincike 66. Ta rasu ranar 12 ga Janairu, 1976. A tarihin rayuwarta da ta rubuta da hannunta, wanda aka buga a 1977, ba ta ce uffan ba game da waɗannan kwanaki 11.