Spallanzani: Malamin da ya mai da hammatarsa ɗakin gwaji

Duk shekara idan na zo darasin narkewar abinci a ajinmu na Damazin, sai ɗalibai su ce ai banza ne, tunda ba mu da ɗakin gwaji. Nan nake ɗauko musu labarin Lazzaro Spallanzani.

An haife shi a garin Scandiano na ƙasar Italiya a 1729. Lauya ya tafi karanta a Bologna, amma 'yar uwarsa Laura Bassi, wadda farfesa ce a can, ta karkato da hankalinsa ga kimiyya. Ya zama limamin coci, daga 1769 kuma malami a Jami'ar Pavia.

A zamaninsa masana na ta gardama: shin ciki niƙa abinci yake yi kamar dutsen niƙa, ko ruɓar da shi? Mutumin nan da kansa ya gwada. Ya riƙa haɗiye burodi ƙulle a ƙyalle, da nama cikin ɗan bututun itace mai huji-huji, ya jira su fito ya duba. Abincin ya narke, alhali bututun bai fashe ba. Ashe ba niƙa kaɗai ba ne, ruwan ciki ne ke aiki.

Sai ya samo ruwan cikin tsuntsaye da soso, ya zuba a 'yan kwalabe tare da nama. Wasu ya bari a sanyi, wasu ya maƙale a hammata don su sami ɗumin jiki. Na hammata suka narke, na sanyi kuwa da ƙyar. Ya wallafa wannan a 1780, ya rasu a Pavia a 1799. Sai a 1836 Theodor Schwann ya gano pepsin, sinadarin da ke narkar da naman.

Yau mun san dalili. Irin waɗannan sinadarai sun fi kuzari a wajen digiri 37. Sanyi na rage musu sauri ne kawai, tafasa kuwa lalata su take yi gaba ɗaya.

Bara na sa yara suka kawo kunun dawa, suka haɗa da miyau a kwalabe uku: ɗaya a hammata, ɗaya a ƙanƙara, ɗaya da miyan da aka tafasa. Ta hammatar ce kaɗai ta tsinke da wuri. Aka yi ta dariya, amma tun ranar ba wanda ya sake yi mini zancen ɗakin gwaji.