Ibn Haldun, Malamin da Ya Binciki Haraji

An haifi Abdurrahman Ibn Haldun a Tunis cikin 1332. Ya yi wa sarakunan Fas da Andalus aiki, ya ga tashin dauloli da faɗuwarsu. Cikin 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya bayyana cewa haraji mai sauƙi kan ƙarfafa manoma da fatake, har baitulmali ya cika. Amma in aka tsananta, sai talakawa su karaya, su bar sana'a, kuɗi su ragu, mulki ya raunana, watau garin neman ƙiba an samo rama. Ya yi alƙalanci a Alƙahira, can ya rasu cikin 1406. Muna fata masu yanka haraji su riƙa tunawa da shi. Allah ya jiƙansa, amin.