Georgi Vins: Faston Da Ya Ƙi A Raba Yara Da Ikilisiya

A wannan mako za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda ya sha ɗauri sau biyu saboda ya ƙi yarda hukuma ta yanke shekarun da yaro zai kai kafin ya ji Maganar Allah.

An haifi Georgi Vins a shekarar 1928 a garin Blagoveshchensk, can gabashin tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Mahaifinsa Peter mai wa'azin bishara ne na ɗarikar Baftis. A zamanin Stalin an yi ta kama shi, har aka kashe shi a tsare tun Georgi yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa Lidiya ce ta rene shi cikin tsoron Allah. Daga baya suka koma birnin Kiyef, inda ya yi karatu ya zama injiniyan lantarki.

Tun 1929 gwamnatin kwaminisanci ta kafa dokar da ta hana ikilisiyoyi shirya taron yara ko na matasa. Tara yaran da ba su kai shekara 18 ba a koya masu addini ya zama laifi. Ba makarantar Lahadi, ba ajin katikisma. Manufar a fili take: in an tsare yara, bangaskiya za ta shiga kabari tare da tsofaffi.

A 1960, lokacin mulkin Khrushchev, aka matsa wa shugabannin Baftis har suka aika wa ikilisiyoyinsu wasiƙar umarni, cewa kada a bar yara su shiga sujada, kuma a rage yi wa 'yan shekara 18 zuwa 30 baftisma. Wannan ya raba ikilisiya biyu. Waɗanda suka ƙi umarnin suka kafa tasu majalisa a 1965, Gennadi Kryuchkov ya zama shugaba, Vins kuwa sakatare. Suka ci gaba da koyar da yara a cikin gidaje da dazuzzuka. Wasu iyaye ma kotu ta ƙwace masu 'ya'ya saboda haka.

A watan Mayu 1966 ɗaruruwan masu bi suka taru a ƙofar ofishin jam'iyyar kwaminis a Mosko suna neman a saurare su. Aka kama Vins, aka ɗaure shi shekara 3. Da ya fito bai daina ba, sai ya koma yin aikin a ɓoye. Mahaifiyarsa ma, da tsufanta, ta yi zaman kurkuku saboda tana tattara labarin masu bi da ke tsare. A 1974 aka sake kama shi, a 1975 aka yanke masa shekara 5 a sansanin aikin ƙarfi, da wasu 5 na zaman gudun dole a Siberiya, ƙasar tsananin sanyi.

A watan Afrilu 1979 aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa, aka kai shi Amurka tare da fursunoni huɗu, aka musanya su da 'yan leƙen asirin Sobiyet biyu. Shugaba Jimmy Carter ya karɓe shi. Ya zauna a garin Elkhart, jihar Indiana, yana sanar da duniya halin da 'yan'uwansa suke ciki. A 1990 aka kafa sabuwar doka da ta ba da izinin koyar da yara addini, a 1991 kuma Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Vins ya samu ya sake taka ƙasarsa ya yi wa'azi kafin ya rasu a watan Janairu 1998.

Akwai masu cewa a bar yaro ya girma ya zaɓa da kansa. Gaskiya ne ba a cusa bangaskiya da sanda, kuma kowane yaro zai tsai da tasa shawara in ya yi hankali. Amma ta yaya zai zaɓi abin da aka hana shi ji? A cikin Markus sura 10 Yesu da kansa ya tsauta wa almajiran da suka tsare yara.

Shi Vins mahaifiyarsa ce ta rene shi cikin tsoron Allah. Iyaye, mu tambayi kanmu: yaushe rabonmu da mu zauna da 'ya'yanmu mu buɗe Littafi Mai Tsarki? Ranar Lahadi mai zuwa mu riƙo hannunsu mu kawo su aji. Allah ya taimake mu, amin.