John Glenn: Ɗan sama jannatin da ya hango ƙurar Kano

Ranar Talata 20 ga watan Fabrairun 1962, a tsakiyar watan azumi, da misalin ƙarfe huɗu na yamma agogon Najeriya, wani ƙaramin kumbo mai ɗauke da mutum ɗaya ya ratsa sararin samaniyar arewacin Najeriya. Mutumin da ke ciki, John Glenn, ya shaida wa ma'aikatan wata tashar sa ido da ke Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka amsa masa da cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi.

Ƙurar hunturu ce, irin wadda kan lulluɓe ƙasa tun daga Kano har Bodinga da Shagari a ƙasar Sakkwato.

Ba a jima ba bayan haka, sai aka shiga fargabar cewa garkuwar da za ta kare shi daga ƙonewa ta kwance. Yadda aka tafiyar da wannan labari, da abin da aka ɓoye masa, sun zama darasin da aka sake tunawa da shi bayan shekara 41.

Tasowarsa

An haifi John Herschel Glenn ranar 18 ga watan Yulin 1921 a garin Cambridge na jihar Ohio a Amurka, ya kuma girma a New Concord, inda mahaifinsa ke sana'ar gyaran famfo. Ya shiga kwalejin Muskingum, amma ya bar karatu ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1943 ya auri Annie Castor, wadda suka san juna tun suna yara, suka kuma zauna tare fiye da shekara 70.

Ya tuƙa jiragen yaƙi a yankin tekun Pasifik, sannan a yaƙin Koriya, inda ya harbo jirage uku ƙirar MiG. A watan Yulin 1957 ya tashi daga California ya sauka a New York cikin sa'a 3 da minti 23, abin da ya sa jaridu suka fara sanin sunansa.

A watan Afrilun 1959 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta zaɓe shi cikin 'yan sama jannati bakwai na farko, kuma shi ne babbansu a shekaru.

A lokacin Tarayyar Sobiyat ce ke kan gaba. Yuri Gagarin ya kewaya duniya a watan Afrilun 1961, Gherman Titov ya bi bayansa a watan Agusta. Amurkawa biyu da aka harba a shekarar sun taɓo sararin samaniya ne kawai suka dawo. Saboda haka mutuncin Amurka ya rataya a wuyan Glenn.

Tashar Kano

A wancan zamani babu taurarin ɗan Adam na sadarwa da za a dogara da su, don haka NASA ta kafa jerin tashoshi 18 a sassan duniya, domin kumbon ya riƙa ficewa daga kunnen wata tasha ya faɗa na wata. Kano na cikinsu, haka ma Zanzibar. A shekarar 1963 Najeriya ta buga kan sarki mai ɗauke da hoton kumbon da tashar ta Kano.

An harba kumbon Glenn, mai suna Friendship 7, daga Cape Canaveral a jihar Florida, bayan an sha ɗage tafiyar. Kafin tashinsa ya nemi Katherine Johnson, wata baƙar fata masaniyar lissafi, ta sake bin lissafin da kwamfuta ta yi na hanyar da zai bi.

Alamar da ta tayar da hankali

Kumbon da ke dawowa duniya yana shigowa cikin iska ne da gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda, kuma zafin da ke tasowa a gabansa yakan zarce digiri 1,600 a ma'aunin Celsius. Abin da ke tsakanin ɗan sama jannati da wannan wuta shi ne garkuwar zafi. A kumbon Glenn wani faifai ne a gindinsa, wanda ke cinyewa sannu a hankali yana tafiya da zafin.

Yana cikin zagaye na biyu sai wata alama ta bayyana a cibiyar kula da tafiyar, tana nuna cewa maƙullan garkuwar sun saki. Idan haka ne, babu abin da ke riƙe da ita sai ɗamarar ƙarfe uku da suka ɗaure ƙunshin ƙananan rokokin rage gudu a bayanta. A ƙa'ida, ana yar da wannan ƙunshi kafin a shigo cikin iska.

Shugabanni suka rabu biyu. Daraktan tafiyar, Chris Kraft, yana ganin alamar ƙarya ce, kuma barin ƙunshin ma haɗari ne. Na gaba da shi, Walter Williams, ya yanke shawarar a bar shi a ɗaure.

Ba a fito fili an gaya wa Glenn ba. Sai dai tashoshi suka riƙa yi masa tambayoyi kan wani makunni, har ya gane da kansa cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Sai dab da saukowa aka umarce shi da kada ya yar da ƙunshin.

Miliyoyin mutane na bin tafiyar ta rediyo da talabijin, kuma kusan duk abin da 'yan jarida ke faɗa kai tsaye ya biyo ne ta bakin kakakin NASA, John Powers. Da kumbon ya shiga cikin iska, sadarwa ta yanke na wasu mintoci, kamar yadda aka saba. Glenn ya ga ɓaraguzai masu ci da wuta suna wucewa ta tagarsa, bai kuma san ko ƙunshin ne ke ƙonewa ko garkuwar ba.

Ya faɗa tekun Atlantika lafiya bayan zagaye uku, cikin sa'a 4 da minti 55, jirgin ruwan yaƙi mai suna Noa ya tsamo shi. Bincike ya nuna garkuwar lafiyarta ƙalau, wani ɗan makunni ne ya lalace.

An yi masa gagarumar tarba a New York ranar 1 ga watan Maris. Amma ya nuna wa shugabanninsa rashin jin daɗinsa, yana mai cewa wanda ransa ke cikin kumbo ya fi kowa cancantar sanin halin da kumbon ke ciki.

Siyasa da komawa sama

Ya bar NASA a shekarar 1964. Bayan yunƙuri biyu da ba su kai ga nasara ba, an zaɓe shi ɗan majalisar dattawa daga Ohio a jam'iyyar Democrat a 1974, ya kuma riƙe kujerar har farkon 1999. Yana cikin waɗanda suka jagoranci dokar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1978. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a 1984 bai samu ba.

Sunansa ya shiga wata badaƙala tare da wasu sanatoci huɗu kan alaƙa da attajiri Charles Keating. A 1991 kwamitin ɗa'a na majalisar ya wanke shi daga laifi, amma ya ce bai yi aiki da hangen nesa ba.

Ranar 29 ga watan Oktoban 1998 ya koma sararin samaniya a cikin kumbon Discovery yana da shekara 77, ya yi kwana tara ana nazarin tasirin tafiyar a jikin tsoho. Wasu jaridu sun ce sakayya ce ta siyasa daga gwamnatin Clinton, wasu kuma suka ce talla ce NASA ke nema.

Darasin Columbia

Kumbuna irin su Discovery, masu fukafukai da ke zuwa su dawo, an lulluɓe su ne da tayil-tayil fiye da 20,000, da wasu faranta na musamman a bakin fukafukan.

Ranar 16 ga watan Janairun 2003, kimanin daƙiƙa 82 bayan tashin kumbon Columbia, wani ɓallin soso daga jikin tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Injiniyoyi sun nemi a ɗauko hoton wurin ta taurarin ɗan Adam na soja, shugabanni suka ƙi. Saƙon da aka aika wa 'yan sama jannatin ya ce babu abin damuwa, an sanar da su ne kawai don kada tambayar ɗan jarida ta zo musu ba zato. Kafofin watsa labarai ma ba su ɗauki batun da muhimmanci ba.

Ranar 1 ga watan Fabrairu kumbon ya tarwatse a sararin jihar Texas, mutum bakwai suka mutu. Ko bayan haɗarin, wani babban jami'in NASA ya shaida wa manema labarai cewa da wuya soso ya yi wannan ɓarna. Sai a watan Yuli wani gwaji ya nuna irin wannan soso ya huda rami mai faɗin kusan santimita 40.

A 1962 alamar ƙarya ce ta girgiza duniya. A 2003 ɓarnar gaske ce aka raina. A duka biyun, abin da jama'a suka ji shi ne abin da hukuma ta zaɓi faɗa.

Daga nan al'amarin ya sauya. A watan Agustan 2007, da aka ga wani rauni a tayil ɗin kumbon Endeavour, an nuna hotunansa a fili, aka yi kwanaki ana muhawara a gaban 'yan jarida, kafin a yanke shawarar ba sai an gyara ba. Kumbon ya sauka lafiya.

Glenn ya yi adawa da dakatar da waɗannan kumbuna, amma an daina amfani da su a watan Yulin 2011.

Ya rasu ranar 8 ga watan Disambar 2016 a birnin Columbus na jihar Ohio yana da shekara 95, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage cikin bakwai ɗin farko. An binne shi a maƙabartar Arlington. Kumbon Friendship 7 yana gidan adana kayan tarihi na Smithsonian a birnin Washington.