Ibn Khaldun, Alƙalin Da Ya Gargaɗi Sarakuna A Kan Dukiyar Talakawa

Sunansa na yanka Abdurrahman ɗan Muhammadu, amma duniya ta fi saninsa da Ibn Khaldun, watau an jingina shi ga wani kakansa na nesa, Balaraben Hadaramauti. An haife shi a birnin Tunis ran 1 ga Ramadan 732 Hijira, daidai da 1332 Miladiyya. Danginsa sun daɗe a Ishbiliya ta Andalus suna cikin manyan gari, suka yi ƙaura zuwa Afirka ta Arewa gab da faɗawar birnin hannun Kiristoci a 1248. Ya haddace Alƙur'ani, ya karanci nahawu da hadisi da fiƙihun Malikiyya. Yana da kimanin shekara 17 annoba ta ratsa ƙasar, ta tafi da mahaifansa biyu da malamansa da dama.

Daga nan ya shiga hidimar sarakuna, ya kuwa ɗanɗani zumarta da maɗacinta. Ya yi magatakarda a Tunis, ya wuce Fas, inda Sarki Abu Inan ya ɗaukaka shi, sa'an nan ya zarge shi da makirci ya jefa shi kurkuku kusan shekara 2. A Garnaɗa Sarki Muhammadu na Biyar ya aike shi jakada wurin Fedro, sarkin Kastila, wanda ya yi masa tayin mayar masa da dukiyar kakanninsa ta Ishbiliya in zai zauna wurinsa, ya ƙi. Ya riƙe muƙami irin na waziri a Bijaya. Duk inda ya je abu ɗaya ya yi ta gani: daula ta tashi da ƙarfi, ta yi ƙiba, ta zube.

A 1375 ya gaji. Ya keɓe kansa a Ƙal'atu Ibn Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, kusan shekara 4. A can ne, cikin 1377, ya rubuta Muƙaddima a wata 5, watau gabatarwar babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar.

Abin da ya faɗa game da haraji ya isa a tsaya a kansa. Ya lura cewa a farkon daula abin da ake ɗora wa kowane mutum kaɗan ne, amma abin da ke taruwa a baitulmali mai yawa ne, a ƙarshenta kuwa sai al'amarin ya juye. Dalili shi ne, masu kafa daula ba su saba da jin daɗi ba, suna tsayawa ga abin da Shari'a ta ƙayyade, kamar zakka da harajin ƙasa da jiziya. Manomi da ɗan kasuwa suna ganin ribar guminsu, sai su ƙara himma. Idan jikoki suka gaji sarauta, fada ta cika da barori da ƙawa, albashin sojoji ya hauhawa, sai a ƙirƙiro sababbin kuɗaɗe a kasuwanni da ƙofofin gari. Manomi ya auna wahalarsa da abin da zai rage masa, ya ga ba riba, ya ajiye fartanya. Kuɗin shiga ya ragu, sai masu mulki su ƙara haraji don cike giɓin, alhali kuwa shi ne ya haƙa ramin.

Wani abin da ya fi wannan muni a wurinsa shi ne sarki ya shiga fatauci ko noma da kansa. Wa zai iya tayi a kan abin da sarki ya taya? Yana saye da araha don ana jin tsoronsa, ya tilasta wa 'yan kasuwa su saya da tsada, jarinsu ya narke. Ƙarshenta ribar da sarkin ya ci ba ta kai harajin da ya yi asara ba. Ya kuma faɗaɗa ma'anar zalunci ƙwarai: ƙwace kadara, aikin tilas, karɓar abin da Shari'a ba ta wajabta ba, duk zalunci ne mai rushe ƙasa, domin wanda ya tabbata za a ƙwace abin da ya tara ba zai tashi nema ba. Hujjarsa ta malamin fiƙihu ce, cewa dukiya tana cikin abubuwa 5 da Shari'a ta zo ta tsare, tare da addini, rai, hankali da zuriya.

Don haka ne masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara, a taƙaita ikon hukuma, suke ƙidaya shi cikin magabatansu, tun da ya riga littafin Adam Smith na 1776 da kusan shekara 400. A watan Oktoba na 1981 Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci sunansa gaban manema labarai yana kare shirinsa na rage haraji. Suna da gaskiya, amma rabinta suka ɗauka. Ibn Khaldun bai taɓa ganin mutane za su zauna lafiya ba tare da mai tsawatarwa ba. Ya lissafa hisba da kula da ingancin kuɗi cikin ayyukan addini da ke wuyan shugaba, har ma ya ɗauki daula ita ce babbar kasuwa, in ta ƙulle kuɗi a taska ciniki ya mutu.

A 1382 ya tafi Misra. Ya koyar a Azhar, Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya a 1384. Ya tsananta wa masu shaidar zur da masu cin hanci, manya suka taso masa. Ana cikin haka jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariya. Sau 6 ana naɗa shi alƙali, sau 5 ana tuɓe shi.

A 1401 yana cikin Dimashƙa lokacin da Taimur ya kewaye ta da yaƙi. Aka zura shi da igiya ta kan ganuwa, ya je sansanin, suka yi ta ganawa fiye da wata guda, har ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib. Bai hana abin da ya biyo baya ba: aka tatse mutanen birnin, aka washe shi, wuta ta ci har babban masallacinsa. Ya koma Alƙahira, ya rasu a kan kujerar alƙalanci cikin Ramadan 808, watau Maris 1406, aka binne shi a maƙabartar Sufaye bayan Babun Nasri. Allah Ya jiƙansa da rahama.